Bikon Anza

A wata shekara, da farkon damina, mutanen Tudun Ni'ima suka wayi gari babu jeji. Matan da suka fita da kwanduna ɗiban ganyen miya su ne suka fara gani. Gonaki suna nan, gero ya tsiro har ya kai idon sawu, amma duk abin da ba hannun mutum ne ya shuka shi ba ya tashi. Inda kuka take, sai rami kamar bakin rijiya. Inda sabara da geza suke, sai ƙananan ramuka birjik. Ko ƙarangiya, wadda babu mai kewarta, ba ta tsaya ba. A kan rairayi kuwa ga sawun saiwoyi nan, an ja su an nufi gabas.

Wanda bai zauna a karkara ba ba zai gane girman wannan al'amari ba, don haka bari in bayyana. Tsakanin shuka da girbi rumbu yakan yi ƙasa, kuma a wannan tsakanin jeji ne yake riƙe gari da ganyensa da 'ya'yansa. Ga shi bara fara ta ci rabin amfanin gona. Idan jeji bai dawo ba, da yawa daga mutanen garin ba za su ga sabon gero ba.

Mai gari Korau ya tura maharba su bi sawun. Suka yi ta tafiya, sawun ya yi ta zagaye da su, ya dawo da su bakin rijiyar gari. Da aka rasa dabara sai aka je wurin Iya Tabawa, tsohuwar da ta fi kowa sanin itatuwa, wadda yanzu ƙafa ta hana ta fita.

Iya Tabawa ta ce, "Korau, jeji yaji ya yi. Mai yaji kuwa ba a zuwar mata da kwari da baka, biko ake zuwa. A aiki wanda ya san sunan kowa a gidan."

Kowa ya juya ya dubi jikarta Saude. Ita Saude matar aure ce mai 'ya'ya, ta tashi tana bin kakarta jeji, daga baya kuma ta yi karatu a makarantar gandun daji, inda ta koyi yadda masana suke rarrabe tsirrai gida-gida.

Iya ta ce mata, "To, ƙawata, ke da aka kai ki kika koyo sunaye masu karya haƙori, ga ranarki ta zo."

Saude ta ce, "Iya, ai naki haƙoran sun riga sun zube. Da kin yarda na koya miki, babu abin da za ki yi asara."

"Rufe mini baki. Zo nan." Ta ƙulle mata ɗan gishiri da kanwa a bakin zane, ta ce, "Kada ki ce wa kowa 'wannan', kada ki ce wa kowa 'ciyawa'. Dubi ganye, dubi ƙaya, dubi ɗa, sannan ki yi sallama da suna. Allah ya kai ki, ya dawo mana da ke."

Saude ta bi sawun, shi kuwa bai zagaya da ita ba. Ta ƙetare fako, ta gangara wani kwari wanda ba ta taɓa sanin da shi ba, har sararin sama ya koma kore-kore kamar ana kallonsa ta cikin ganye. Can ta iske wani kogi fari fat kamar kindirmo. A bakinsa ga wata aljana mai faffaɗan kunnuwa ruwan toka, tana zaune cikin jirgin da aka yi da wani kumburarren ɗan itace. Aljanar ta ɗebo ruwan a ludayi ta miƙa mata.

"Ke 'yar Adam, kin sha tafiya. Ga nono, jiƙa maƙoshi, wanke idonki."

Ƙishirwa ta kama Saude ƙwarai, amma ta tsaya ta duba. Kunnuwan nan ganye ne masu kauri, biyu-biyu suna fuskantar juna, da farin gari a jikinsu kamar an barbaɗa musu toka.

Ta ce, "Salamu alaikum, Tumfafiya. Na gode da karamci, amma nononki ba na sha ba ne, kuma idon da ya taɓa shi ya shiga wahala. Ganyenki mai fuskantar juna ne, ɗanki kuma iska ce a cikinsa da auduga."

Aljanar ta zubar da ludayin ta yi dariya. "Amin, alaikumus salam. An daɗe ba a gaishe ni ba. Shigo, ki rufe fuskarki da mayafi."

Da suka ƙetare, sai ga ganuwar wani birni, ba ta ƙasa ba, ta ƙayoyi ce da suka sarƙe da juna har sama. A ƙofar akwai dogarai tsaye, kowanne kore shar, sai guda ɗaya a gefe, dogo, tsirara, babu ko ganye ɗaya a jikinsa, kamar wanda ya daɗe da bushewa. Wata murya ta ce, "Gai da Sarkin Ƙofa, in kin san shi. In kin gai da bara a madadinsa, ƙofa ba za ta buɗe ba har abada."

Saude ta wuce korayen nan duka, ta je gaban busasshen ta durƙusa. Ta ga rassansa farare ne, ƙayoyinsa biyu-biyu, ta kankare ɓawon da farce kaɗan ta ga ɗanye ne.

"Ranka ya daɗe, Gawo. Kai kaɗai ne kake tuɓe riga da damina, ka sa ta da rani lokacin da kowa ya rasa inuwa."

Gawo ya sunkuyo, rassansa suna ƙara. "Kin san gaisuwa, 'yar Adam. To, ji sharaɗin Birnin Tsirrai. Duk wanda kika kira da sunansa, kika faɗi alamarsa, ya halatta ya bi ki. Amma ƙasar nan tana kama ƙafa. Ɗan Adam da ya daɗe a kanta, yatsunsa sukan yi saiwa, ya zama ɗaya daga cikinmu. Kada ki yi nawa."

Tana shiga ta tarar da wasu mata biyu sun tare hanya suna cacar baki, kowacce ta ja ɗamarar ƙaya. Ɗaya tana cewa, "Ni ba 'yar'uwarki ba ce, kama da wane ba ta wane." Ɗayar tana cewa, "Wa ma yake so? Ke da yara suke jifa saboda 'ya'yanki." Suka ce ba mai wucewa sai ya raba musu gardama.

Saude ta roƙi ganye ɗaya daga kowacce, ta ɗora a tafin hannunta. Ta nuna musu jijiyoyi uku da suka taso tun daga gindin kowane ganye, ta nuna musu ƙayoyinsu, kowace biyu ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya.

"Gidanku ɗaya, ba makawa. Masana ma sunan gida ɗaya suka ba ku. Amma kowacce da kamarta." Ta kifa ganyen. "Ke mai farin gashi-gashi a bayan ganye, ke ce Magarya. Ke mai santsi ciki da baya, ke ce Kurna. Ina wuninku?"

Magarya ta ce, "Kin ji ko? Ni ce mai ado."

Kurna ta ce, "Furfura ce." Amma suka janye ƙayoyinsu ta wuce.

A tsakiyar kasuwa wani saurayi mai furanni rawaya ya sha gabanta, ya ce shi ne ganyen da matan garinsu suke kwaɗo da shi, ta kira shi kawai su tafi. Ga yunwa, ga sauri, ga furen iri ɗaya da wanda ta sani. Har ta buɗe baki, sai ta tuna da maganar Iya, ta kama ganyen ta duba. Shi irin wannan ganye ba tilo ba ne, ƙananan ganyaye ne suka jeru a kan sanda ɗaya, su ake kira 'ya'yan ganye. Na saurayin nan masu tsini ne, kuma da ta murza sai wani wari ya tashi.

"Kai Rai Ɗore ne, ɗan'uwan Tafasa. Kwansonka shimfiɗaɗɗe ne. Ita 'ya'yan ganyenta bakinsu a zagaye yake, kwansonta siriri ne mai lanƙwasa kamar lauje. Kana da naka amfanin wurin masu magani, amma ba kai ake kwaɗawa ba."

Tafasa da kanta, wata 'yar yarinya, ta leƙo daga bayansa tana dariya. "Na gaya maka za ta gane, Yaya. Warinka ne ya tona ka."

Daga nan aka kai Saude fada. Magajiyar Dawa tana zaune a kan wani tsohon suri, gashinta yaɗo ne har ƙasa, tsuntsaye suna shiga suna fita a cikinsa. Saude ta faɗi ta yi gaisuwa, ta faɗi abin da ya kawo ta. Magajiya ta ɗaga hannu, jejin Tudun Ni'ima duka ya shigo ya jeru. Saude ta bi su ɗaya bayan ɗaya: Kalgo mai ganye kamar kofaton raƙumi, Aduwa mai 'ya'yan ganye biyu da doguwar ƙaya kore, Sabara mai ɗigon baƙi a bayan ganye, Yaɗiya, Lalo, Ɗinya, Kanya, har Tsidau da yake kwance a ƙasa yana jiran ta taka shi. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Amma da ta gama, babu wanda ya motsa.

Magajiya ta ce, "Sun halatta gare ki, 'yar Adam, amma sun yi rantsuwa ba za su koma ba sai da wadda ta fito da su. Tana cikin waɗancan. Nemo ta."

A can gefe wasu gajerun tsofaffi ne zaune, sun lulluɓe da kore, sun juya baya. Duk dangi ɗaya ne, kamarsu ɗaya. Saude ta zagaya a hankali. Ta farko ganyenta ƙanana ne a cure, 'ya'yanta kamar jerin duwatsun wuya, wannan Jiga ce. Ta gaishe ta ta wuce. Ta ƙarshe ganyenta tilo ne, mai tauri kamar fata, jijiyoyinsa farare sun fito raɗau, an jera su bi-da-bi a kan reshe, ga 'ya'ya ƙulu-ƙulu a tattare sun fara yin rawaya.

Saude ta durƙusa. "Salamu alaikum, Anza."

Tsohuwar ba ta juyo ba. "Daga wane gari?"

"Daga Tudun Ni'ima, ranki ya daɗe."

"Ban san shi ba. Na dai san wani gari da ake kira Tudun Anza. Shekarar da sama ta ƙi, kakanninku suka zube a gindina, na ciyar da su har ruwa ya sauka, suka sa wa garin sunana. Da jikokinsu suka ƙoshi, sai maƙwabta suka fara yi musu dariya a kasuwa, wai masu cin abincin yunwa. Suka canja wa gari suna. Har yau kuna cina, na sani. Amma sai an rufe ƙofa, kuma in baƙo ya yi sallama a tura ni ƙarƙashin gado. Na yi muku rana, kun yi mini dare."

Saude ta sunkuyar da kai, don ita ma ta san ƙarƙashin gadon da ake nufi. Ta ce, "Gaskiya kika faɗa. Biko na zo."

Anza ta juyo. Ta karkaɗe reshe, 'ya'ya suka zubo cikin wata ƙwarya har ta cika. "To ga abincin baƙuwa. Ki cinye a gaban jama'ar nan ba tare da kin yamutsa fuska ba. Na gaji da ganin wannan fuskar taku. In kin yamutsa, ki koma ke kaɗai."

Ga inda wuyar take. Ƙwayar anza ɗanya ɗaci ne da ita wanda babu fuskar da za ta iya ɓoye shi, kuma tana cutar da ciki. Ba ta ciwuwa sai an ɓare ta, an shanya, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake wani, kwana da kwanaki, har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Abin da ya fito shi ake kira dilo. Aikin ba ya karɓar gaggawa, ƙasar birnin kuma ba ta jira.

Saude ta ce, "A ba ni tukunya da ruwa mai kyau."

Ta ɓare, ta shanya, ta jiƙa. Da farko da ƙafarta take zuwa rafi. Wata safiya ta ɗaga ƙafa ta ji kamar an ɗinke ta da ƙasa, ta duba ta ga fararen zaruruwa sun fito daga yatsunta. Ta tsinke su da zafi ta je ta ɗebo ruwa. Da aka ƙara kwana, ba su tsinku ba. Ta tsaya cak a gaban tukunya, ga ruwan jiƙo ya yi ɗaci yana son canji.

Sai Yaɗiya ta miƙe jikinta tun daga fada har rafi, ta naɗo gora ta jawo. "Ba don ke ba," in ji ta, "don kin ce ganyena ya fi na kowa daɗi a fate."

Ƙarangiya da Tsidau kuwa suka zauna kusa suna tsokana. Tsidau ya ce, "Ci mana, ai ya yi. Ɗan ɗacin da ya rage ko jariri ya shanye."

Ƙarangiya ta ce, "Ƙyale ta. Ni ina son maƙwabciya. Wace irin itaciya za ki zama, 'yar Adam? Ki roƙi ƙaya, ita ce mutunci."

Saude takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta taɓa da bakin harshe, ta ji da saura, ta zubar da ruwa ta sake. Saiwa ta wuce yatsu ta kama dunduniya, fatar ƙafarta ta fara tauri kamar ɓawo. Ta tuna da 'ya'yanta da rumbun gidansu, hawaye ya zubo mata, amma ba ta ɗora tukunya a wuta ba.

Anza ta matso ta zauna kusa da ita. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya koya miki?"

"Kakata Tabawa."

"Mai surutun nan? Tana nan da rai?" Sannan ta ce, "An ce kin yi makaranta. Su masu littattafai sun san da ni?"

"Sun sani, ranki ya daɗe. Kowane tsiro suna biyu suke ba shi, na farko na gidansu, na biyu nasa na kansa, don masanin kowace ƙasa ya gane wanda ake nufi. Ke suna ce miki Boscia senegalensis."

"Sake faɗa."

Ta sake.

Anza ta gyara lulluɓinta. "Ya yi tsawo. Amma ba laifi. Jiga, kin ji?"

Ranar da Saude ta taɓa ƙwaya da harshe ta ji salam, saiwa ta riga ta kai mata idon sawu. Ƙirya ta ba da busasshen reshenta, aka hura wuta nesa da ganyen kowa, Tafasa ta ɗora mata tukunya. Ta kwance bakin zane ta jefa kanwa da gishiri. Da ya dahu ta zuba a ƙwaryar har ta cika, da saura a tukunya, ta yi bisimilla, ta ci a gaban fada duka, loma bayan loma, ba ta gaggauta ba. Ta suɗe hannu ta dubi Anza.

"Alhamdu lillahi. In da ƙari, a ba ni in kai wa yarana."

Anza ta miƙe, ta tura saiwarta ƙarƙashin ƙafafun Saude. "Ni da nake fasa fako, wannan ƙasar ba za ta gagare ni ba. Riƙe kafaɗata." Ta ɗaga ta ɗungurungum, saiwoyin suka tsintsinke. Tun daga ranar yatsun ƙafar Saude suka zauna da tauri kamar itace, ita kuwa ba ta taɓa ɓoye su cikin takalmi ba.

Anza ta ce, "Ke kin fita. Saura garinku. Zan je, amma ba zan kafa saiwa ba sai an ci ni a gaban baƙo, an kuma faɗi sunana da baki."

Haka suka taso, Saude a gaba tana ɗingishi, Kuka tana tafe ƙasa tana girgiza, Gawo yana bin baya, ƙananan ganyaye suna tsalle a tsakanin ƙafafunsu. Da hantsi suka iso bayan gari. Kowa ya je bakin raminsa ya tsaya, saiwa a waje, ana jiran Anza. Rana ta fara dukansu, ganyen Lalo ya fara yaushi.

Labari ya riga ya kai garuruwan maƙwabta, mutane suka yi ta zuwa kallo, cikinsu har da Sarkin Kasuwar Gangare, wanda bakinsa ya fi na kowa kaifi wurin yi wa garin dariya. Saude ta shiga zauren Mai gari da ragowar dilon da ta ɗauro, ta faɗa masa sharaɗin a kunne. Aka ɗauko Iya Tabawa aka zaunar a bakin ƙofa. Mai gari Korau ya dubi ƙwaryar, ya dubi baƙinsa, gumi ya karyo masa. Ya sa aka ajiye ta a tsakiyar tabarma, ya ce, "Bisimilla."

Sarkin Kasuwa ya ɗiba ya tauna, ya sake ɗiba. "Mai gari, wannan wane irin wake ne? Ban san shi ba."

Korau ya yi gyaran murya. Ya kau da kai daga ƙwaryar. Daga bakin ƙofa Iya Tabawa ta ce, "Korau, da shi aka yaye ka."

Mai gari ya gyara zama, ya kai hannu ya ɗebi loma babba, ya ci a gaban kowa. Sannan ya ce da murya wadda ta kai har waje, "Ba wake ba ne. Anza ce, ta garinmu. Ita ta riƙe kakannina, ita za ta kai mu kaka bana. A ƙaro maka?"

Sarkin Kasuwa ya dubi ƙwaryar da ta kusa ƙarewa, ya ce, "In akwai."

A bayan gari aka ji wata ƙara mai taushi, kamar an zuba ruwa a busasshiyar ƙasa. Anza ce ta tura saiwarta cikin fako, sauran jeji ya bi ta. Kafin la'asar mata sun fita da kwanduna, Saude tana gaba, tana nuna wa 'yan mata bayan ganye, suna yin sallama kafin su tsinka.

Ƙurunƙus, a gindin anza.